Sunan Da Aka Raba Dabino

Dakoro, daren Laraba, 1941

Yau aka yi sunan ɗana, dabino na raba. Tsofaffi sun karɓa, amma na ga liman yana juya nasa a tafin hannu. Tun da Faransa da Ingila suka ɓata aka rufe iyaka, goro ya daina shigowa. Na nemi izinin ƙetarawa in sayo, gardin da ke tsaron iyaka ya ce, "Malam, kai na Faransa ne, can na Ingila ne."

Wai ƙanena Isa, a Katsina, huhun goro guda ya kwance ran sunan 'yarsa. Isan da na koya wa ɗaura wando. Na ce Allah ya raya, amma abin na cina.

Nono ɗaya muka sha, shi kuma Turawansa suka bar masa goro.