Zanen Fuskar Inna

Madarumfa, jihar Maraɗi

Zuwa ga ƙanena Gwamna, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amina da yara, ya tsare ku da sharrin gari da na hanya, ya sa albarka a cikin nemanka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi kyau, hatsi ya shiga rumbu, tabki ya cika har ya taɓo wurin da kuke wanka kuna yara. Yanzu mun koma lambu, tumatir ya fara nuna. Maƙwabcinmu Malam Tanko yana fama da gwiwarsa, amma ba ta hana shi zuwa bakin ruwa ya yi wa masunta gardama a kan kifin da ba shi ya kama ba. Na san za ka ce me ya hana ni aiko murya ta salula kamar kullum. Maganar tana da tsawo, kai kuma ba ka taɓa sauraron saƙona har ƙarshe ba.

Ka san idon Baba na hagu ya daɗe da rufewa. Bayan Sallar layya mun kai shi Maraɗi, likita ya duba na daman, ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, magani sai dai ya jinkirta. Da muka iso gida sai Baba ya ce in buɗe tsohuwar adakar Inna in ɗauko masa hotonta, wanda aka ɗauke ta a Maraɗi shekarar da ta yaye ka. Shi kaɗai ne hotonta a duniya. Ina buɗewa na ga hoton ya lalace. Ashe ruwan da ya shigo ɗakin bara ya ratsa adakar ba mu sani ba. Takardar ta kumbura ta tsattsage, kuncin hagu ya saɓule gaba ɗaya, sauran fuskar kuma duk layi-layi. Baba ya kai hoton kusa da ido, ya juya shi ta hasken ƙofa, ya ce tabo kawai yake gani. Ya ce shi ba ya neman komai sai ya ƙara kallon fuskarta kafin hasken ya ɗauke. Na zagaya bayan rumbu na yi kukana.

A nan ɗiyarka Mardiyya, ta cikina, ta shigo maganar, wadda ka rantse wasan hoto ta tafi koyo Yamai, ka ce da aikin unguwarzoma ta karanta da ta amfani mutane. To ka gyara zama. Yanzu ita ke koya wa 'yan lise, wato sakandaren garinmu, gyaran hoto da tsara zane a ordinatar, wato kwamfuta, duk Laraba da yamma. Na'urorin ba su da yawa, yara cunkushe suke a kan kowace, in kuran, wato lantarki, ya ɗauke kuma ba ta sallamarsu, sai ta sa su ɗauki takarda su yi ta jera haruffa da launi da hannu. Allon da ke gaban rumfar masu ƙyafaffen kifi ɗalibanta suka tsara shi, haka takardar da matan unguwarmu ke liƙa wa robar man gyaɗa. Tana da doka guda da take nanata musu har sun haddace, wai ba a taɓa hoton asali, sai a kwafe shi a yi aiki a kan kwafin. Kowane gyara kuma a shimfiɗarsa daban, kamar an ɗora tabarma a kan tabarma, in ta sama ta ɓaci a ɗage ta, ta ƙasa tana nan.

Ta karɓi hoton Inna, ta kwafe shi zuwa cikin ordinatar, ta ba 'yan ajinta. Wadda aikinta ya fi kyau wata yarinya ce 'yar Safo mai suna Jamila, mai haƙurin zama. Da suka gama aka wanko shi a Maraɗi, Mardiyya ta kawo wa Baba tana murna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa mata abinta. Ya ce a yi wa yara godiya, sun yi ƙoƙari, amma wannan matar wani ce. Ya tambaya ina askarta. Na karɓa na duba, sai ga wata kyakkyawar mace fara sol, fuska sumul, babu zane ko ɗaya. Yaran sun ɗauka zanen gadon da ke kumatun Inna yana cikin tsagewar takarda, suka bi shi layi bayan layi suka goge tas, suka kuma ƙara mata haske irin yadda salula ke yi musu. Su a wurinsu aska abin tsofaffi ce, ba su taɓa ganinta a fuskar mace mai ƙuruciya ba, Inna kuwa a hoton ba ta kai shekarun Amina ba. Ita ma Mardiyya tana rarrafe Inna ta rasu, ta ce ta duba aikin lungu-lungu, abin bai zo mata a rai ba. Ranar Baba ko fura bai sha ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ta zauna ta gyara da hannunta, idon Baba ba zai jira 'yan lakkwal su gama koyo ba. Ka san ɗiyar taka, kai a ƙasa, murya a sanyaye, amma ba ta motsawa daga inda ta tsaya. Ta ce in ta gyara ita kaɗai, yaran nan za su fita duniya suna goge wa mutane fuskokin kakanninsu da kyakkyawar niyya. Ta ce balle ma ita kanta ba ta san wane layi ne na aska wane ne na ruwa ba. Na ji daga baya Jamila ta yi kuka ta ce ta bar ajin. Mardiyya ta tsaya gaban ɗalibai ta ce kuskuren daga ita ya fara, don ta koya musu gogewa kafin ta koya musu tambaya. Ni dai a lokacin wannan bai sanyaya mini rai ba, domin a makon nan ne na ga Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska.

Da Asabar ta kwashi wasu daga cikinsu zuwa Gabi wurin Iya Ɗelu, tunda ita da Inna ubansu ɗaya, wanzami ɗaya ya yi musu aska. Iya ta ci kwalliya kamar za ta biki, ta zaunar da su ta nuna musu inda zanen ke tashi daga gefen baki da inda yake ƙarewa kusa da kunne. Sannan ta ce tunda sun iya ƙari da ragi, su maido mata haƙorinta na gaba, in ba haka ba ba ta yarda a ɗauke ta. Suka ɗauke ta dai, ta karkata kai daidai yadda Inna ta karkata a tsohon hoton.

Laraba ta gaba na ɗauki mayafina na tafi lise da kaina, na zauna a bayansu. Gwamna, da ka ga abin da na gani! Sun koma kan kwafin farko mai tsagewa, suka ɗora fuskar Iya Ɗelu a kai, suka rage mata ƙarfi har ana hango Inna ta cikinta. Duk layin da ya hau kan zanen Iya sai su bar shi, wanda ya kauce su goge. Kuncin da ruwa ya cinye kuwa daga na Iya suka aro, suka cire masa tsufa. Jamila, wadda ta dawo ajin, ta faɗaɗa kuncin har ya cika gilashin na'urar, tana bin zane guda a hankali. Mardiyya na tsaye a bayanta, hannuwa a baya, ba ta taɓa komai ba, sai dai ta tambaye ta me ya sa ta bar wannan, me ya sa ta cire wancan. Da aka zo kan launin fata suka juyo gare ni, suna ƙara duhu ina cewa a ƙara, har inda na ce su tsaya. A nan ne na ga uwata, sai da na rufe fuska da mayafi a gaban 'ya'yan mutane.

Wannan karon Mardiyya ta sa aka wanko shi babba, ta kuma sa yaran suka ƙarfafa baƙi da fari da gangan saboda idon Baba. Suka kawo shi da hantsi, Baba yana zaune a ƙofar zaure. Ya riƙe da hannu biyu, ya kai shi dab da idon dama, yana tafiyar da shi daga kunne zuwa baki. Sai muka ji ya ce Kande. Kai shaida ne, tun da muka yi wayo ba mu taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, saboda kunyar mutanen da, 'yar Gabi kawai yake ce mata, har bayan rasuwarta. Ya sake faɗa a hankali, yadda ake kiran wanda ke cikin ɗaki. Daga nan ya ce a matso masa da yarinyar da ta yi aikin, ya dafa kanta ya yi ta sa mata albarka. Ya ce wa Mardiyya ta riƙe wannan koyarwa da kyau. Ni kam ba zan ɓoye maka ba, tun da na haife ta ban taɓa jin alfahari da ita irin na ranar nan ba, har kasuwa na je ina ba mutanen da ba su tambaye ni ba labari. Yanzu daga ƙauyuka ake kawo musu tsofaffin hotuna, kuma ba su taɓa ko ɗaya sai sun zauna da masu shi sun yi tambaya.

Saura saƙon da Baba ya ce lalle in rubuta maka, kada in rage ko kalma. Ya ce tunda ya ga abin da yara ke iya yi da hoto, ka daina aiko masa da naka ta salula, don bai san me aka goge maka ba, ko furfura ko rama. Ya yi dariya da ya faɗa, mu ma muka yi. Sai ya ce fuskar Inna a takarda kawai ta rage masa, ya kuma gode Allah da ya gan ta, amma kai kana da rai, da idonsa yake so ya gan ka. Gwamna, yanzu da safe kaɗai yake rarrabe fuska, in rana ta yi tsaka da murya yake gane mu. Kada ka ce mini sai bayan azumi. Ka nemi izini wurin aikinka ka taso.

Malam Tanko yana gaishe ka, haka Iya Ɗelu, wadda har yanzu ke jiran haƙorinta. Mardiyya ta ce a gaida kawunta da kyau. Ka gaida mini Amina, ka shafa mini kan Nura da Khadija, in da hali ka zo da su. Allah ya kawo ka lafiya, ya kawo ka da wuri.

Ni ce yayarka,
Turai