Hannun Ulan

Yaya Burul,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Mu lafiya lau a Kamcatka, sai sanyi.

Ranar hutu mijina Ulan ya kai ni yawo a jirgin ruwa, kamar a littattafan soyayya da nake karantawa. Ya ga ɗan karen teku yana kuka kan dutse, ya miƙa hannu zai cusa shi a riga, yadda yake wa 'yan raguna a gida.

Matuƙin jirgin ya yi ihu, "Kai makiyayi, ba garkenku ba ne!"

Uwar ta fito ta cafke hannun, ta fizge yatsu uku, jini har fuskata. Hannun da yake yanka kifi a masana'anta ne.

Yana samun sauƙi, ni nake sa masa riga. Ki tambayi Kawu ko yana neman makiyayi. Kada Inna ta ji.

Ƙanwarki,
Colpon