Rairayin Tungar Jatau da Ke Kusurwar Filin Haɗin Kai

Daga:
Labaran ɗan Jatau,
Sarkin 'Yan Kokawar Tungar Jatau,
Unguwar Sabon Matsuguni,
Maradun.

Litinin, 9 ga Nuwamba, 1981.

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Hamma Dikko,
Shugaban Kwamitin Amintattu na Filin Wasanni na Haɗin Kai,
Ofishin Kwamiti, Talata Mafara,
Jihar Sakkwato.

Ranka shi daɗe,

Game da: Shirin sa katafila ta kankare rairayin da'irar kokawa a Filin Haɗin Kai na Maradun ranar Litinin, 23 ga Nuwamba, 1981.

Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan Allah shi ƙara maka lafiya da nasara, shi kiyaye iyali, amin. Ni ne Labaran ɗan Jatau, mai shekara sittin da ɗaya, Sarkin 'Yan Kokawar Tungar Jatau, ƙauyen da kakana Jatau, wanda mahaifina ya ci sunansa, ya kafa, wanda yau yake kwance ƙarƙashin ruwan dam na Bakolori. Da hannuna na rubuta takardar nan, domin na yi Yaƙi da Jahilci tun 1957. Idan an ga kuskure nawa ne, idan an ji zafi shi ma nawa ne.

Ina kawo ƙarar Sakataren Kwamitinku, Malam Falalu Bappa, a kan sanarwar da ya manna a ƙofar fili ranar Asabar, 10 ga Oktoba, inda ya ce za a kankare abin da ya kira ragowar yashin magina da ke kusurwar gabas, a zuba siminti a wurin, a yi filin ƙwallon kwando. Ina roƙon Mai Girma ya yi haƙuri ya karanta abubuwan nan bi da bi.

1. Abin da ke kusurwar gabas ba ragowar aikin kowa ba ne. Rairayin dandalin Tungar Jatau ne. Da aka sanar da mu cewa ruwa zai hau, kowa ya kwashi abin da zai iya: wani ƙyauren ɗakinsa, wani azarar rumbu, wata dutsen niƙa. Mu 'yan kokawa muka dubi dandalinmu na bakin gulbi, inda iyayenmu suka yi kaye aka kuma kayar da su, muka ga ba za mu iya barinsa ga kifi ba. Daga ranar Asabar, 4 ga Maris, 1978, mu ashirin da uku da jakuna talatin da ɗaya muka yi kwana tara muna jigila a mangala cikin zafin bazara, har muka kawo shi nan. A lokacin ana gina katangar filin, kuma Kwamiti ya rubuta a littafin taronsa cewa kusurwar gabas ta 'yan kokawa ce. Mai Girma shaida ne, domin ranar buɗe fili, 1 ga Oktoba, 1978, kai da kanka ka tuɓe takalmi ka taka rairayin nan, ka ce bai yi kama da ƙasar tudu ba. Gonakinmu da gidajenmu da maƙabartarmu duk suna ƙarƙashin ruwa. Iyakar abin da ya rage na ƙasar garinmu a sarari shi ne wannan da'ira, taku goma sha takwas daga gefe zuwa gefe.

2. Ba mu taɓa yi wa kowa rowar fili ba, kuma ina so a rubuta wannan. Cikin shekara uku filin nan ya ɗauki abin da ko masu gininsa ba su yi zato ba. An buga ƙwallon ƙafa tsakanin Maradun da Bakura har sau biyar. An yi sallar Idi a cikinsa shekarar da ruwa ya cika tsohon masallacin Idi. 'Yan makaranta daga Kaya da Garbadu sun yi maci a ciki. An nuna majigin noman rani. An yi wa shanu allura, kwana huɗu ana kwasar kashinsu. 'Yan siyasa sun zo lokacin zaɓe, kowa da lasifikarsa da alkawuransa. An sauke takin zamani a rumfar manyan baƙi, ya yi wata biyu yana warin da ya hana baƙin zama. Manoman Dakko sun shanya tattasai daga wannan ragar ƙwallo zuwa waccan. Duk wannan ba mu ce uffan ba, domin filin jama'a ne. Makiyaya da ba su taɓa ganin allon makaranta ba sun san su kewaye da'irarmu da shanunsu ba tare da an faɗa musu ba. Sai da aka kawo mana mai ilimi sannan ta shiga uku.

3. Malam Falalu ya kama aiki a watan Janairu na 1980. Ban san inda aka samo shi ba, kuma ban tambaya ba. Abin da idona ya gani shi ne mutum mai usur a wuya tun safe har la'asar, da farin takalmin gudu wanda bai taɓa gudu da shi ba sai ranar da bijimin Fulani ya kwance lokacin allura. Ranar Asabar, 13 ga Disamba, 1980, ranar kokawar kaka, ya ba da umurni a mai da wasa tsakiyar filin ƙwallo, gaban rumfa, wai don kada manyan baƙi su wahala da juya wuya. Na faɗa masa a gaban shaidu cewa ƙasar wurin marmara ce, kuma ba a kokawa a kan marmara. Ya duba wata takarda a hannunsa, ya sanar da ni cewa babu inda tsarin fili ya ambaci haka. A karo na uku aka ɗaga Abdu Nagode, gwarzonmu, aka buga shi da ƙasa, kafaɗarsa ta dama ta karye. Abdu magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, kuma har yau ba ya iya ɗaga galma sama da ƙirjinsa. Shekara talatin na yi ina kokawa a kan rairayin Tungar Jatau, ban ga ya karya ƙashin kowa ba, domin kowace kaka, kafin a buga ganga, matan garinmu suna fitowa da rariya ƙarƙashin jagorancin Inna Marka, su tankaɗe shi tas, su fitar da ƙaya da tsakuwa. Haka uwayensu suka yi. Malam Falalu bai je duba Abdu ba ko sau ɗaya.

4. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar Litinin, 18 ga Mayu, 1981, muna can muna sharar 'yan gonakin da aka yanka mana, Malam Falalu ya sa aka ɗebi amalanke shida daga da'irarmu aka buga bulo da shi. Ranka shi daɗe, ina jin nauyin rubuta abin da aka gina da bulon, amma dole in rubuta. Bayan gida aka gina. Ƙasar da aka yi wa kakannina kirari a kanta, ita aka mayar bangon makewayi. Ranar da na gani ban iya cin abinci ba, kuma ba na jin kunyar faɗa cewa na yi kuka, ni da furfurata.

Ko birkila mai kwana uku a sana'a ya san da yashi mai tsakuwa ake bulo, rairayi mai laushi ba ya riƙe siminti. Birkilan ya faɗa masa, shi ma aka nuna masa takarda. Ranar Juma'a, 14 ga Agusta, aka yi ruwa na awa biyu, bangon ya kwanta gaba ɗayansa. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Ɓaraguzan suna nan bayan rumfa, ƙadangaru ne ke amfani da su, kuma ina gayyatar Mai Girma ya zo ya gani da idonsa. Wanda bai iya bambance yashi da rairayi ba shi aka damƙa wa filin wasanni na ƙasa uku, Maradun da Bakura da Talata Mafara.

5. Ban tsallake kowa na zo gare ka ba. Sau uku ina hawan motar kasuwa zuwa Talata Mafara domin in ga Sakatare. Ranar Talata, 13 ga Oktoba, aka ce mini yana taro. Ranar Talata, 27 ga Oktoba, aka ce ya fita rangadi, alhali ina hango farin takalminsa ta ƙarƙashin labule. Ranar Talata, 3 ga Nuwamba, ya ga dama ya gan ni. Bai ce in zauna ba. Yana jujjuya usur ɗinsa ya bayyana mini cewa kokawa wasan ƙauye ce, zamani ya wuce ta, kuma ƙasa duk ƙasa ce, idan muna son yashi zai sa tifa ta juye mana wani a bayan katanga. Sannan ya ƙara da cewa ya ji labari layu muka binne a ciki, shi ya sa muka nace.

A kan maganar layu, ina sanar da Mai Girma cewa washegari na je wurin Liman Ummaru na unguwarmu, mutumin da ya karantar da rabin garin nan, na roƙe shi ya zo. Ya tsaya a kanmu muka tona da'irar nan har muka tarar da marmara. Abin da aka samu shi ne maɓalli guda biyu da wani tsohon cokali. Takardar shaidarsa tana haɗe da wannan. Mu Musulmi ne, ba mu bauta wa ƙasa. Amma wanda ya ce ƙasa duk ƙasa ce, garinsu yana nan inda ya bar shi, duk ranar da ya so zai hau mota ya je ya ga ɗakin da aka haife shi.

6. Game da ƙwallon kwando, na bi Maradun lungu lungu, na aika Bakura, na tambayi malaman makarantar Kaya, ban samu mutum ɗaya da ya taɓa buga ta ba. Ƙwallon kanta babu ita a ma'ajiyar fili, mai gadi ya tabbatar mini. Ba na gaba da ita, wataƙila jikokinmu su so ta. Sai dai kusurwar yamma tana nan fayau, babu abin da ke cikinta sai tumfafiya, kuma ta fi tamu faɗi. Na nuna wa Malam Falalu haka. Dalilinsa shi ne a zanen da ya zo da shi daga birni gabas aka sa ta, kuma ga alama zanen ya fi ƙarfin a juya shi. Kokawar da ya ce zamani ya wuce ta kuwa, bara sai da mutane suka hau katanga saboda cika, abin da ƙwallon ƙafa ma ba ta taɓa yi ba a filin nan.

Ranka shi daɗe, abin da ya faru a ƙasar nan cikin watan Afrilun bara tsakanin 'yan sanda da manoman da dam ya tasa kowa ya sani, ba shi ya kawo ni ba, kuma ba zan taɓo shi ba. Zan dai ce daga cikin mu ashirin da uku da muka yi jigilar rairayin nan, bakwai sun riga mu gidan gaskiya, har da ƙanena Jibirin, wanda shi ya zuba mangalar ƙarshe. An ce mu tashi, mun tashi. An ce mu yi haƙuri, mun yi. Ba mu zo neman gona ko gida a wannan takarda ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma abubuwa kamar haka:

Na farko, a dakatar da zuwan katafila ranar 23 ga Nuwamba, a mai da filin ƙwallon kwando kusurwar yamma.

Na biyu, a buɗe littafin taron Kwamiti na shekarar 1978, a karanta wa Malam Falalu shafin da ya ba mu kusurwar gabas, tunda abin da ke rubuce kaɗai yake ji.

Na uku, a ba mu izini mu kwashe ɓaraguzan bangon da ya faɗi. Inna Marka ta ce za su daka su tankaɗe, ko kwano goma aka samu namu ne.

Na huɗu, a umurci Sakatare ya je gidan Abdu Nagode ya duba shi, ko da ba zai zauna ba.

Idan kuwa an riga an yanke hukunci, babu makawa sai an zuba siminti, to, ina roƙon a sanar da mu kafin ranar Asabar, 14 ga wannan wata, domin mu samu kwana tara, daidai kwanakin da muka yi muna kawo shi, mu kwashe abinmu da hannunmu kafin katafila ta cakuɗa shi da marmara. Jakunanmu yanzu huɗu suka rage, sauran an sayar da su tun da babu manyan gonakin da za su yi wa aiki. Matanmu sun ce za su ɗauka a ka. Abu ɗaya ne ya gagare mu, shi ne nake roƙon Mai Girma ya taimaka mana da shi: a nuna mana inda za mu kai shi, domin inda muka ɗebo shi yanzu masunta ne ke wucewa ta kansa da kwalekwale.

Idan ban ji komai ba, ranar Litinin, 23 ga Nuwamba, da hantsi, direban katafila zai same ni zaune a tsakiyar da'ira. Ba zan riƙe sanda ba, ba zan tara jama'a ba, ba zan zagi kowa ba. Cikin shekara talatin na kokawa sau huɗu bayana ya taɓa ƙasa, kuma duk a kan rairayin nan ne. Idan akwai na biyar, a kansa nake so ya kasance.

Allah shi ja zamaninka, shi ba ka ikon yin adalci, shi sa ka gama lafiya, amin. A gafarce ni idan harshena ya yi kaifi a wani wuri.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Labaran ɗan Jatau,
Sarkin 'Yan Kokawar Tungar Jatau.

Haɗe da wannan: takardar shaidar Liman Ummaru, da dangwalen yatsun mutum goma sha biyar, sauran waɗanda muka yi jigilar rairayin tare.