A Maido Mini da Oba-obar Mahaifina

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masallacin Layinmu, Unguwar Mansur, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne Haruna mai gyaran rediyo, wanda muryarsa ta fito a lasifikar masallaci ranar Talata. Tunda a bainar jama'a abin ya faru, a bainar jama'a nake rubuto maka.

Na ɗaya, laifina. Kuna tsaye a sallar la'asar, masallaci tsit, ni kuwa ina ɗaki riƙe da oba-oba, 'yar rediyon nan ta magana da na nesa, ina gaya wa aminina Alhaji Sule cewa tsayuwar limanmu ta fi ƙarfin gwiwata, sai ya sallame zan yi tawa. Sahu shida suka ji, har da surukina. Wallahi tun ranar ban ɗaga ido na dubi liman ba, ko burodi sai na zagaya ta bayan layi nake saye. Shekara sittin da bakwai, ga furfura, a ce ni aka kama da gulmar liman! Kunya ta ishe ni.

Na biyu, naku. Na'urar nan mahaifina ya haɗa ta da hannunsa cikin gwangwanin dabino, ƙarfinta bai kai na fitilar hannu ba. Ba ita ta kutsa masallaci ba, doguwar wayar lasifikarku ce marar rufi, da kuka ja ta jikin tagata, take zuƙo duk abin da ya gifta. Sau biyu ina faɗa maka a canza ta, ka ce tsohon zance ne.

Na uku, ka zo da kanka ka kwashi na'urar, ka kulle a ma'ajiyar tabarmi, ka ce sai kwamiti ya zauna. Yau kwana tara. Alhaji Sule makaho ne. Tun da aka rushe gidajenmu a Nakkasa ya koma wajen 'yarsa a unguwar Jarwal, wayar shafawa kuma ba ta yi masa. Maɓalli ɗaya ya sani, na tasa oba-obar, ya danna ya ce "Haruna". 'Yarsa ta aiko cewa kullum yana zaune yana dannawa, yana tambaya ko na mutu ne ake ɓoye masa. Na kasa zuwa, don ban san da wane baki zan faɗa masa dalili ba.

Roƙona: ku ba ni dama in miƙe bayan sallar Juma'a in nemi gafarar liman. Ku bar ni in canza wayar da hannuna. Ku maido da na'urar, na yi alkawarin ba za ta ƙara kunnuwa lokacin salla ba. In kuwa kwamiti ya ƙi, to ka taka zuwa Jarwal ka shaida wa tsohon nan ina raye.

Allah ya ƙara maka adalci, ya rufa maka asiri fiye da yadda nawa ya rufu.

Wassalam.
Haruna mai gyaran rediyo, Mansur.