Jirgin Fiton Baba

Boston, Amurka
Janairu, 1974

Zuwa ga Adda Tasalla,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Baba da ciwon ƙafa? Ina mutanen Gatawa, yaya haƙuri da wannan fari? Allah ya kawo sauƙi. Ni lafiya lau, kwas ɗinmu na sojan ruwa yana tafiya, sai dai sanyi kamar ya cire kunne.

Kin ce gulbi ya ƙafe har jakuna na ƙetarawa, jirgin fiton Baba yana kife a kan yashi, mutane sun fara yi masa kallon itace. Adda, kada ku yarda.

Ga dalili. An kai mu ganin wani tsohon jirgin yaƙi na katako, mai tafiya da iska, wanda aka ƙera tun kafin jihadi. Ya gwabza da Turawan Ingila, an ce don tauri harsashin igwa kan doke shi ya faɗa ruwa. Da ya tsufa aka so a farfasa shi, mutanen ƙasar suka ce ba su san zancen ba. Yanzu haka an janye masa ruwa, kafintoci na cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo. Abokaina suna can suna shafa igwa, ni kuwa ɗan mai fito ina leƙen gindinsa, ina tuna namu da Kaka ya sassaƙa da hannunsa. Su sun riƙe nasu, mu da muka gaji fito ne za mu yar?

Ki karanta wa Baba wannan. A binne jirgin cikin yashi mai laima yadda ake yi da rani, kada rana ta tsaga shi.

Ƙanenki,
Attahiru

Boston
Afrilu, 1974

Adda,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Takardarki ta iso, na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa.

Ashe kafin tawa ta zo, rijiyar da kuka haƙa a tsakiyar gulbi ta rufta, saura kaɗan ta binne Jibrilla mai haƙa, ga shi babu itacen tokare ta a duk karkarar. Kin ce Baba ya ɗauki gatari ya sare jirgin da kansa, ya hana kowa taya shi, aka tokare rijiyar da katakonsa, yanzu daga ita unguwa duka take sha.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tun da kika karanta masa takardata ya daina shan ruwan, yana jan ƙafar nan tasa zuwa rijiya mai nisa. Wai har ya ce, "Yaron ya yi gaskiya, ni na yar."

Ke ma dai Adda, komai aka ce ki karanta sai ki karanta? Amma bakina ne ya ja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen nan sun riƙe jirginsu ne cikinsu a ƙoshe, ruwa har ya yi musu yawa. Ni ina nan ina murɗa famfo ina yi wa mai ƙishirwa wa'azi. Wallahi na ji kunya, na kuma yi kuka.

Ki faɗa masa ban ga laifinsa ba, da ina gida ni za ni riƙe masa katakon. Kada ki matsa masa da magana. Ki ɗebo daga rijiyar, ki kai masa da hannunki, ki ce Attahiru ne ke roƙo. Kada ki tashi sai ya sha.

Naki,
Attahiru