Akwatin Bango Ya Kurmance

Daren Talata, Haɗejiya.

Tun ranar da ɓarayi suka shigo mana ban ƙara gama littafi ko ɗaya ba. Ina kwance ina karatu bayan magariba, sai ganin ƙarti na yi a kaina. Sun zo da wata na'ura mai toshe sigina, ƙararrawar gidan ba ta ce uffan ba. Ɗaya ya buga min gindin bindiga a baki, haƙorina ya fita. Maigida kuwa suka sare shi da adda a kafaɗa, jini har kan buhunan shinkafar da ya kawo daga Auyo. A littattafaina, daidai nan ne wani yake ɓullowa ya yi ceto. Mu babu wanda ya zo.

Da maigida ya warke, ya sayo sababbin na'urorin ƙofa masu tada ƙararrawa daga Kano, waɗanda ba a iya toshewa, amma ya bar tsohon akwatin ƙararrawar da ke bango. Yau na buɗe ƙofar baya don in gwada. Shiru. Na kira mai gyara, ya ce sababbin a ɓoye suke aika saƙo, tsohon akwatin ba ya gane shi, sai an canza.

Na faɗa wa maigida, ya yi dariya. "Haba amarya, ba ga fitilarsu tana ƙyaftawa ba? Littattafan nan sun cika miki kai."

Har yanzu haushi nake ji. Gobe idan ya fita sallar asuba, zan sa taɓarya in farfasa akwatin nan, dole ya sayo sabo.