Muryata Ta Fito Daga Manyan Sifiku A Gaban Baƙinmu

Inna Ummusalama, don Allah ki taimake ni, wallahi na rasa inda zan sa kaina. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ni matar aure ce a Gadarif, 'ya'yana uku. Da yaƙi ya kai garin Madani, yayan mijina, Yaya Elfadil, ya gudo wurinmu da matarsa Batoul da yaransu huɗu. Can yana da shagon gyaran rediyo da talabijin, amma nan da kayan jikinsa kaɗai ya iso. Mun karɓe su hannu biyu, Allah ne shaida. Sai dai ɗaki biyu ne gidan. Watanni suka yi ta tafiya, ni ce kan murhun kisra, wainar dawar da muke ci, tun asuba, ni ce wanki, ni ce jiran mai jakin ruwa. Na gaji, Inna, kuma ban gaya wa kowa ba.

Yaya Elfadil mutum ne da ba ya iya zama haka nan. Ya tono tsohuwar rikodar mahaifinsu a ɗakin ajiya, mai manyan sifiku biyu na katako, wadda ta daɗe da mutuwa. Ya zauna ya tashe ta. Sannan ya ce zai haɗa ta da hom tiyatar da mijina Munir ya saya, mai ƙananan sifiku huɗu, don in ana kallo sauti ya zagaye mutum, in kuma karatu ko waƙa za a ji, manyan su ɗauka. Ya ja waya ya kai manyan biyun rakuba, rumfar da muke zama a tsakar gida. Ranar da ya gama, ya karɓi wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya ya haɗa su da na'urar ta bulutus. Tun zuwansu ranar na fara ganin dariyarsa.

Wata Juma'a bayan la'asar mutanen gidan suna rakuba ana shan jabana, wato gahawa, har da maƙwabta biyu. Ni ina ɗaki na yi wa ƙanwata Amani da ke Hawata saƙon murya. Na ce Batoul ta mai da gidana otal. Na ce babban mutum ya zauna yana wasa da wayoyi kamar yaro, ƙaninsa na ciyar da shi. Na ce ban san ranar da za su tafi mu huta ba. Da na tura, sai na danna in sake ji. Ban ji komai a wayar ba, na ƙara murya har ƙarshe. Sai na jiyo kaina daga tsakar gida, tangaram, kowace kalma. Na yi ta danne-danne na kasa kashewa, har saƙon ya ƙare.

Washegari Yaya Elfadil ya kwance wayoyin nan duka, ya naɗe su, ya mayar da rikodar ɗakin ajiya. Yanzu ya tafi gonakin Gadambaliya aikin yankan riɗi, shi da yake fama da ciwon baya. Batoul tana riga ni tashi ta share gida ta wanke komai, ta daina barin yaranta su ci daga tukunyata. Na ji an ce tana neman wuri a makarantar da 'yan gudun hijira suke. Munir bai zage ni ba, ya ce kawai shi ba ya iya kallon yayansa. Ni ma ko maƙwabta ba na iya gaisarwa. In ce shaiɗan ne? In tura Munir ya ba su haƙuri? Ko in tafi Hawata har abin ya lafa?

Mai Jin Kunya, Gadarif

'Yata,

Kada ki je Hawata, kada ki aiki Munir, kuma ki bar shaiɗan a wannan magana. Sun ji muryarki, sun san daga zuciyarki ta fito, musu zai ƙara musu ciwo ne kawai.

Gajiyarki gaskiya ce. Ciyar da gida biyu a tukunya ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma Munir yana da nasa laifin da bai lura ba. Amma ki dubi Elfadil. Mutum ne da ya rasa shagonsa da garinsa, abin da ya rage masa ya ba ku shi ne aikin hannunsa, shi kika kira wasan yara a gaban maƙwabta. Batoul kuwa wataƙila ba lalaci ya zaunar da ita ba. Mace da yawa tana tsoron taɓa murhun wata in ba a ce mata bismillah ba. Kin taɓa ce mata?

Ki fara da ita, yau ɗin nan, ku biyu kawai. Ki ce kin yi kuskure, kin zalunce su, kada ki biyo shi da "amma". In ta yi kuka ko ta faɗa miki mai zafi, ki saurara. Bayan kwana biyu ku raba aikin gida a fili, kowa da ranarta.

Elfadil kuma ba a waya za a ba shi haƙuri ba. Ki sa Munir ya kai ki Gadambaliya ki durƙusa a gabansa. Ki roƙe shi ya dawo ya sake haɗa rikodar mahaifinsu, Munir kuma ya nema masa ɗan teburin gyara a kasuwa, don mai sana'a ba ya jin daɗin zama sai da sana'arsa. Maƙwabtan da suka ji ki, su ma su ji cewa kin nemi gafara. In an sake haɗa na'urar, ki cire wayarki daga ciki.

Mai yiwuwa duk da haka su zaɓi tashi. In sun zaɓa, kada ki tare ƙofa da kuka. Ki taya su neman wuri mai mutunci, ki riƙa zuwa da kanki da kwano a hannu, ko an karɓe ki da sanyi. Irin wannan rauni a hankali yake warkewa.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, kowa ya koma gidansa da yardarsa.

Innarki, Ummusalama